Kwana huɗu a gindin dutsen Kinabalu, neman bishiyar da ba ta da suna da Hausa

Shekara tara na yi ina koyar da darasin gandun daji a wata kwaleji a jihar Kano kafin Allah Ya ba ni gurbin ƙaro karatu a Maleshiya. Duk tsawon shekarun nan, in muka zo kan dangin itatuwan da masana ke kira Fagaceae, sai in zana wani ƙwallo mai hula a allo, in ce wa ɗalibai ga ɗan itacen oak nan. Su kwafa a littattafansu, ni ma dama a littafi na kwafo. Wata rana wani yaro daga layin baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, mene ne sunanta da Hausa?" Na ce ba ta da shi. Gaskiya na faɗa masa, domin dangin nan ba su da wakili ko ɗaya a dazukan Afirka kudu da Sahara, sai can arewa wajen Maroko da Aljeriya da Tunisiya. Amma da ya ƙara da cewa, "To kai ka taɓa ganinta?" sai aji ya kwashe da dariya, ni kuwa na wayance da goge allo.

Saboda haka da aka ba mu ɗan hutu a watan Satumban 2023, ban tsaya dogon tunani ba, domin akwai dangin nan a dajin dutsen Kinabalu. Na ja abokin zamana, wani Bazazzagi mai karatun lissafin kuɗi, wanda bai san bambancin marke da kanya ba, muka sayi tikitin jirgi daga Kuala Lumpur zuwa Kota Kinabalu, babban birnin jihar Sabah a tsibirin Borneo. Tafiyar awa biyu da rabi ce a sama, kusan duk a kan teku.

Abin da ya fara ba mu mamaki a filin jirgi ne. Daga wani yanki na Maleshiya muka taso, a wani yankinta muka sauka, amma sai ga layin shige da fice, kowa riƙe da takardunsa. Ashe tun da Sabah ta shiga tarayyar a 1963 ta riƙe ikon tantance mai shigo mata. Ma'aikaciyar ta duba takardar izinin karatuna, ta tambayi inda za ni da kwanakin da zan yi, na ce wajen dutse za ni kallon bishiya. Ta ɗago ta dube ni, sannan ta buga hatimi. Mutumina ya raɗa mini, "Ka ji ko? Bakano ya ƙetare teku don ya gaida itace." Na ce ai gara ni, shi rakiya ya zo.

Mun kwana a birnin, a wani ƙaramin masauki kusa da kasuwar bakin ruwa. Abu ɗaya zan faɗa game da daren nan: agogon Sabah ɗaya ne da na Kuala Lumpur, amma tana can gabas da nisa, don haka alfijir kan riga ketowa da kusan awa guda. Mun saba tashi wajen ƙarfe shida saura, ranar kuwa kafin mu farka gari ya waye tangararan. Sallar asuba dai a makare muka yi ta.

Motocin garin Ranau, masu bi ta gindin dutsen, suna lodi ne a Padang Merdeka, kuma tsarin nasu namu ne sak: ba a tashi sai mota ta cika. Mun yi kusan awa muna jiran mutum biyu, aka karɓi wajen ringgit 30, kuɗin Maleshiya, a hannun kowannenmu. Daga birni zuwa ƙofar gandun dajin Kinabalu kimanin kilomita 90 ne. Har garin Tamparuli hanya shimfiɗaɗɗiya ce, zafi da gumi irin na bakin teku. Daga nan sai hawa, kwana bayan kwana, kunne yana toshewa yana buɗewa. Mun tarar da shingen 'yan sanda sau ɗaya. Direba ya miƙa lasisi, aka duba, aka mayar masa, ya ja mota. Ni da mutumina muka dubi juna, don duk mun ƙura wa hannun direban ido muna jiran ganin abin da muka saba gani a hanyoyin gida, ba mu ga komai ba.

A Nabalu aka tsaya shan iska. Mata na sayar da abarba da ayaba da zuma, ga dutsen can a gabanmu, baƙi ƙirin, kansa a tsattsage kamar haƙoran zarto, tsayinsa mita 4,095. Ban gama saita waya ba gajimare ya rufe shi ruf. A kan hanyar kuma mun wuce wasu rumfuna masu allon da aka rubuta sinalau bakas. Direba ya ce ƙyafaffen naman aladen daji ne, ba namu ba ne, kuma ma tun da cutar aladu ta shigo Sabah a 2021 dabbar ta yi ƙaranci a daji. Ban san cewa washegari zancen aladen nan zai sake tasowa a gindin bishiyata ba.

Masaukinmu a Kundasang yake, kilomita kaɗan gaba da ƙofar gandun, gidan wata dattijuwa 'yar ƙabilar Dusun, Musulma, wadda kowa ke kira Makcik, wato kamar a ce Gwaggo. Ɗaki mai gado biyu ringgit 80 a kwana. Garin duk gonakin kabeji ne da albasa mai lawashi da tumatir, an sassaƙa su hawa-hawa a jikin tudu. Da daddare ta kawo mana linopot, shinkafa ce da ake ƙunshewa a ganye tun da zafinta, da soyayyen kifi da wani haɗi mai suna tuhau da ake yi da karan wata cittar daji. Warinsa ya kori mutumina tun daga bakin ƙofa. Ni na daure na ci, kuma a loma ta uku na fara jin daɗinsa, kamar dai yadda baƙo ke yi da daddawa.

Sanyin wurin ba irin namu ba ne. Hunturun Kano busasshe ne, ya fasa maka leɓe da dunduniya. Wannan kuwa jiƙaƙƙe ne, bargon ma da ɗan danshinsa, safar da na wanke ranar da muka iso ba ta bushe ba har muka bar garin. Ruwan alwala kamar daga firji.

Da safe muka isa ofishin gandun, wanda ke kan tsayin mita 1,500 da 'yan kai. Baƙo na biyan ringgit 50, ɗan ƙasa 10. An kafa gandun a 1964, faɗinsa murabba'in kilomita 754, kuma a shekarar 2000 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. An ƙiyasta tsirran da ke cikinsa tsakanin iri 5,000 da 6,000. Yawancin baƙi ƙololuwa suka zo hawa, kowa da sanda da jaka. Mu muka ɗauki jagora na rabin yini, wani magidanci Badusune marar yawan magana. Da na gaya masa ni malami ne sai ya koma kirana Cikgu, kuma abin daɗi harafin c ɗinsu irin namu ne, yadda za ka karanta da Hausa haka ake faɗa. Na nuna masa hoton abin da nake nema. Ya ce, "Mempening. Boleh bah." Wato sunanta a wurinsu mempening, kuma ba matsala.

Muka bi hanyar Silau-Silau, wadda ke bin gefen wani ɗan rafi. Wanda iyakar dajinsa Falgore ba zai gane abin da nake nufi da duhuwa ba. A Falgore kana ganin sama, kana ganin mutum daga nesa tsakanin itatuwa. Nan kuwa ƙarfe tara na safe kamar bayan magariba. Kowane gindi ya sha gansakuka, kowane reshe ɗauke da wasu tsirran da suka yi gida a kansa. Da farko na ɗauka kauci ne, amma su ba sa shan jinin bishiyar, wurin zama kawai suka ara. Ƙasa laushi tiɓis da ruɓaɓɓen ganye. Ina ta ɗaga kai ina neman bishiyar, jagora ya taɓa kafaɗata ya ce, "Cikgu, ƙasa za ka duba. Daga sama duk kamarsu ɗaya."

Ba mu yi taku hamsin ba ya tsuguna ya tono wani abu daga cikin ganye ya ɗora mini a tafin hannu. Girmansa bai kai ƙwallon goruba ba, ya ɗara na aduwa. Ruwan ƙasa ne mai sheƙi, ƙasansa a faɗaɗe, samansa da ɗan tsini, yana zaune daram a cikin wani ƙoƙo mai zobba-zobba kamar an naɗa zare. Abin da na shekara tara ina zanawa ke nan, sai dai nawa zanen ya fi tsawo, don na Turai nake kwaikwaya. Na sa farce, ko gezau. Na sa haƙori kamar mai fasa gyaɗa, sai da na ji har ƙwaƙwalwata. Mutumina ya ce, "Malam, a bar wa kurege sana'arsa." Tauri dai irin na ƙodago. Daga nan sunan kimiyya na wannan 'yar'uwar oak ya samo asali: Lithocarpus, da Girkanci lithos dutse, karpos ɗan itace. Carl Ludwig Blume, masanin tsirran da ya yi aiki a tsibirin Java, shi ya raɗa wa jinsin wannan suna a 1826.

Muka ci gaba da tsince-tsince, kafin awa guda mun jera iri biyar a kan wani kututture, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Wani hularsa 'yar fal-fal ce kamar faifai, wani ta rufe shi zuwa rabi tana da ɓawo-ɓawo kamar jikin kifi. Akwai wanda hular ta haɗiye shi gaba ɗaya, sai ɗan baki a sama, ya zama dunƙule guda mai kama da kan tulu. Wasu kuma uku-uku suke a manne da juna a kan sanda ɗaya. Jinsin yana da nau'i sama da 300, kusan dukkansu a Asiya, daga gindin Himalaya da kudancin Sin da Japan har zuwa tsibirin New Guinea, kuma Borneo kaɗai tana da wajen 60. Da can ana lissafa wata guda a Kalifoniya ta Amurka, amma a 2008 binciken ƙwayoyin halitta ya sa aka ware mata jinsinta daban. A nan kan dutsen Kinabalu aka fara samo wasu nau'o'in, kamar Lithocarpus turbinatus. Ban yi gangancin laƙaba wa waɗanda muka tsinta suna ba, domin har masana sai sun haɗa ganye da fure da ƙwallo kafin su yanke.

Sai da na san 'ya'yan sannan na iya gane uwar. Doguwa ce, miƙaƙƙiya, ɓawonta toka-toka, gindinta da 'yan fukafukai irin na rimi amma ƙanana. Ganyen ya ba ni kunya a matsayina na malami. Wanda nake zana wa ɗalibai mai gefe loƙo-loƙo ne, na oak ɗin Ingila. Na mempening gefensa sumul yake, mai kauri kamar fata, ya fi kama da ganyen mangwaro gajere, da ɗan tsini a baki inda ruwa ke ɗiga. Ba ta kuma kaɗe ganye ta tsaya tsirara kamar yadda kuka ke yi da rani. Tsoho na faɗuwa sabo na fitowa, shekara duk tana kore.

A wani wuri da bishiya ta faɗi ta buɗe sarari, muka hango wata tana fure. Furen tsaye yake cirko-cirko a bakin rassa, fari-fari, kamar ƙananan zangarniyar gero. Jagora ya ce in shaƙi iska. Wani wari ne mai nauyi, ba na turare ba, ga ƙudaje da ƙananan ƙwari suna ta kai-kawo. Nan ne babban bambancinta da oak na ƙasashen sanyi. Waccan furenta na maza rataye yake yana lilo, iska ke kwashe garinsa ta kai wa na mata. A dajin da iska ba ta ratsawa, kuma ruwa ke wanke komai kusan kullum, dogara da iska asara ce, sai mempening ta ɗauki ƙwari aiki tana biyansu da abinci.

Ita wadda ta faɗin ma ta koya mini abu. Inda ɓawon ya ɓare, jikin itacen duk ƙananan kwarin layi ne a tsaye, bayan ɓawon kuma da tudun da ke shiga cikinsu, kamar ƙwarya da murfinta. Na ɗan lasa gefen ɓawon, bakina ya ɗaure nan take. Bauri ne na sani tun ina yaro: na bagaruwa. Sinadarin da majemanmu ke nema a kwanson bagaruwa don jimar fata, irinsa ne a ɓawo da 'ya'yan dangin nan, kuma da ɓawon oak Turawa suka daɗe suna jima. Ita bishiyar kariya ce ta yi wa kanta daga ƙwari da masu ɓarna.

Ina tsugune ina wannan nazari ban san ana nazarina ba. Mutumina ne ya ga jini a ƙafar wandona. Matsattsaku biyu, sun sha sun yi tiɓi. Namu na gida a ruwa suke, sai ka shiga kududdufi. Na Borneo a kan ganye suke tsaye, suna karkaɗa kai suna jiran mai wucewa, ba ka kuma jin cizonsu. Jagora ya sa farce ya ture su a hankali, ya ce kada in fizge. Jinin bai tsaya ba sai bayan azahar. Bazazzagi kuwa, da ya gama yi mini dariya ya tuɓe takalmi, ya tarar da uku.

A gindin bishiyoyin akwai laimar kwaɗi iri-iri, ja da fari da ruwan ƙasa. Ba banza suka taru a nan ba. Zarurrukansu na ƙarƙashin ƙasa suna naɗe ƙananan saiwoyin mempening kamar safa, su jawo mata ruwa da sinadaran da ke wuyar samu a ƙasar dutse da ruwa ya wanke, ita kuma ta ba su sukarin da ganyenta ya sarrafa. Jagora ya nuna mini inda aka tone ƙasa da daɗewa, ya ce aikin aladen daji mai gemu ne, wanda direba ya ba mu labari. A shekarar da itatuwan suka zuba 'ya'ya da yawa, aladun kan yi ƙiba su hayayyafa. Kurege da ɓeraye su ma suna kwasa, su binne wasu don gobe, wanda suka manta shi ke tsirowa. Ƙwallon ba shi da fiffike, ba ya tashi a iska, nauyinsa ma ba ya barinsa nisa da uwarsa in ba an ɗauke shi ba.

A nan ne na yi abin kunya. Na zaɓi guda biyu masu kyau na zura a aljihu, a raina ina cewa ɗaya na nuna wa ɗalibai, ɗaya na gwada a gandun renon kwalejinmu. Jagora bai ce komai ba sai da muka kusa fita. Sannan ya tsaya, ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Cikgu, ko ganye ba a fita da shi daga nan." Na fito da su ina kame-kame. Ya karɓa, ya juya ɗaya ya nuna mini wani ɗan rami kamar na allura, ya ce wannan ma ƙwaro ya riga ni. Ɗayan kuwa, in ji shi, ko an bar mini, kafin ya isa ƙasarmu ya mutu.

Na san dalili, karatuna ne, son zuciya ne ya rufe mini ido. Irin bagaruwa ko tsamiya ko kuka sai ka zuba a gwangwani ya shekara, ranar da ka jiƙa shi ya tashi, domin bishiyar Sahel ta saba jiran damina. 'Ya'yan dangin oak akasarinsu ba sa jure bushewa. Da zarar danshin cikinsu ya sauka, ran ya fita, duk da wannan sulke na dutse. Sulken na haƙori ne, ba na fari ba. Ruwan da ke sauka a wannan daji a shekara ya haura milimita 2,000, ba kuma wata guda da za a ce ƙasa ta bushe ƙayau. Kano a shekarar da aka saba ba ta kai rabin haka ba, shi ma a wata huɗu zuwa biyar yake zuba. Ko da ta tsiro, ina za ta sami laimar kwaɗin da ta saba da ita? Jagora ya mayar da ƙwallayen gindin wata bishiya ya tura musu ganye da ƙafa.

Rana ta uku muka taka titin da ya hau zuwa ƙofar Timpohon, mita 1,866, inda masu hawa ƙololuwa ke farawa. Wucewa nan sai da izini na musamman, na baƙo ringgit 400, ban da kuɗin jagora da na kwana a sama, abin da aljihun ɗalibi ba zai ɗauka ba. A hanya akwai allon tunawa da mutum 18 da girgizar ƙasar 5 ga Yunin 2015 ta hallaka a kan dutsen, cikinsu har da yara 'yan makaranta daga Singafo da jagororinsu. Mutanen Dusun na gargajiya sun ɗauki dutsen a matsayin makomar rayukan kakanninsu, har yanzu akan yanka fararen kaji bakwai a shekara. Na tuna da labarin Dala da Tsumburbura, na yi shiru. Ko a wannan ɗan hawan ana ganin canji: kowace mita 100 zafi na raguwa da kimanin rabin digiri, itatuwa suna gajarcewa, suna karkacewa, gansakuka na ƙara kauri. Dajin da mempening da 'yar'uwarta berangan mai ƙayayyun 'ya'ya suka fi rinjaye ɗamara ce a ƙugun dutsen, daga wajen mita 1,200 zuwa 2,000 da wani abu. Wasu nau'o'in suna hawa sama da haka a matsayin gajerun itatuwa, wasu suna gangarawa har dajin ƙasa.

Dajin ƙasan mun leƙa shi da yamma a Poring, bayan Ranau, inda ruwan zafi ke ɓulɓulowa. Zafi ya dawo, manyan itatuwan katako masu 'ya'ya da fukafukai su ke mulki a can. Na jiƙa ƙafafuna masu tabon matsattsaku, muka koma Kundasang. A hanya na lura da abin da ban kula da shi ba ranar farko: gonakin kabejin da muka yaba suna kan tsayi ɗaya da dajin jiya. Iyakar gandun a bayyane take kamar an ja layi da reza, nan duhuwa, nan kabeji. Makcik ta ce tana yarinya tudun bayan gidansu duk daji ne, da itacen mempening suke girki, yana da wuyar faskare amma garwashinsa na daɗewa. Ban ga laifin kowa ba, da kuɗin kabejin ta yi wa 'ya'yanta makaranta, kuma mu da muka cinye dazukanmu da gatari ba mu da bakin magana.

Washegari muka sauko, muka hau jirgin dare. Duka tafiyar, ban da tikitin jirgi, ba ta kai ringgit 500 a kaina ba.

Na dawo gida bara, na koma aji. Da muka zo kan Fagaceae ban yi zane ba. Na ɗora ƙodagon goruba a tebur, na zagaya da wayata suna kallon hoton ƙwallaye biyar a kan kututture, da sulen sen 50 a gefe don a gane girmansu. Yaron da ya yi mini waccan tambayar ya daɗe da gamawa, na ji ma yana aiki a Dutse. Waɗannan ba su tambayi sunanta ba. Wata ɗaliba ce ta ce, "Malam, ana ci?" Na ce akwai nau'i ɗaya a Japan da mutane ke gasawa su ci, amma waɗanda na gani abincin kurege ne da alade. Ta mayar mini da wayar ta ce, "Malam, har da jininka aka sha a kan abincin kurege?"